Ina Za a Sa Matacin Ruwan Kifi?

Watan Inna biyu a gidana na Damba lokacin da aka kawo akwatin kifin, kuma a cikin wata biyun nan ba ta kwance ƙunshin kayanta ba. Yana nan bayan ƙyauren ɗakinta, ɗaure tamau a cikin tsohon zani, kullum na shiga gaishe ta sai na yi ido huɗu da shi. Da ƙyar da jiɓin goshi muka raba ta da 'Yankuzo bayan rasuwar Baba. Gidan ba kowa, ƙafarta ta dama ba ta da kirki, ga gonar nesa ta zama ba a zuwa sai da addu'a a baki. Ni da yayana muka yi ta lallashi har ta shiga mota, amma da sharaɗi: da an yi ruwan farko za ta koma ta yi shuka. Ta ma riga ta gaya wa yayan nawa, wanda ke zaune a Tsafe, ya zo da mota washegarin ruwan. Ni kuwa a lokacin ba abin da nake tsoro a duniya kamar hadari. Duk Gusau ana roƙon ruwa saboda zafin bazara, ina cewa amin a baki, cikina yana cewa a ɗan ƙara mako guda.

Mun yi mata duk abin da muka san ana yi wa uwa. Ga katifa, ga fanka, ga abinci sau uku har da na marmari. Mai ɗakina ba ta barin ta ta ɗaga ko tsinke. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta tambayi turmi a ce ai akwai inji a bakin layi. Ni ma haka. Na tabbata a wata biyun nan ba maganar da ta fi ji daga bakinmu kamar "Inna, huta."

Akwatin kuwa na wani abokin aikina ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja. Ya rasa yadda zai yi da shi, ya duba duk ofis ya ga ba wanda ya kai ni rashin iya cewa a'a. Akwati ne na gilashi, tsawonsa kamu huɗu, da yashi a ƙasa, da ciyawar roba, da jajayen kifaye bakwai, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Da muka ajiye shi a falo ya miƙo mini wani ɗan kwali ya ce, "Matacin ruwa ne a ciki, ban samu sawa ba. Ka sa shi inda ya dace." Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin gwamnati, na san wannan maganar sarai. Ita ake rubutawa a kan fayil in ba a son sake ganinsa.

Inna ta fito tana jan ƙafa, ta zagaya akwatin sau biyu kamar yadda take zagaya akuya a kasuwa.

"Auta, waɗanga sai yaushe za su isa ci?"

"Ba a cin su, Inna."

"Haram na?"

"A'a, na ado ne."

"To mi aikinsu?"

"Kallonsu ake yi."

Ta dube ni, ta dubi kifayen, ta sake dubana. "Su ci, su sha, a kalle su."

"Shi ke nan, Inna."

"Allah shi kyauta," ta ce, ta jawo tabarmarta ta zauna a gabansu. Daga ran nan can ne wurin zamanta. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce ga shi ta samu abin ɗebe kewa.

Bayan mako guda ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Na buɗe kwalin. Wani baƙin abu ne bai fi dunƙulen hannu ba, da soso a cikinsa, da 'yan robobi na manna shi a gilashi, da ɗan baki da ruwa ke fita, sai doguwar waya. Akwai takarda, amma rubutun ba na Turanci ba ne, ba kuma na Larabci ba, sai zane da kibiyoyi. Na ajiye takardar gefe, don ni mutum ne da bai yarda zane ya ba shi umarni a gidansa ba.

Na fara manna shi a tsakiyar gilashin gaba, inda duk wanda ya shigo zai ga ina da inji. Ina kunnawa ruwan ya kwashi kifayen nan bakwai ya watsa su kusurwa guda kamar fasinjojin motar da ta sha kwana. Na mayar da shi ƙasa, ya shaƙi yashi ya kama tari. Na hauro da shi sama, bakinsa a waje, na tafi ofis. Kafin in dawo ya yi ta tsartuwa a kan labulen mai ɗakina tun safe har azahar, ita tana kicin ba ta sani ba.

"Malam," ta ce mini, "ko ka cire abin nan ko ka nemo masa wani gida. Labulen bikina ne fa."

A karo na huɗu na manna shi a kusurwar baya, bakinsa ɗan ƙasa da saman ruwa, nesa da yashi, wato daidai inda zanen ya nuna tun farko. Ban gaya wa kowa haka ba. Kwana biyu ruwan ya yi garau, kifayen suna yawo a natse. Na zauna na ɗora ƙafa kan ƙafa, na ce an gama.

Ashe ba a fara ba. Inna ta wuni tana kallon injin, da yamma ta kira ni.

"In ya tace ruwan, ina yake kai shi?"

"Ciki yake mayarwa."

"Cikin dattin?"

"Eh."

"Sannan shi sake tacewa?"

"Eh, Inna."

"Wa ya koya mai aiki?" ta ce. "Wace mace ka taɓa gani ta tace koko ta juye shi bisa dusa?"

Na yi mata bayani irin na ofis, mai tsawo, wanda ni kaina ban gane ƙarshensa ba. Ta ce to.

Washegari na dawo na tarar babu injin a akwati. Sai waya na gani ta fito daga falo, an haɗa ta da wata wayar, ta bi ta tsakar gida, ta shige cikin randa. Randar Inna ce, ita ta sa na sayo mata tun zuwanta don ba ta shan ruwan firij, tana inuwar ƙofar kicin a kan yashi. Na ɗaga faifan. Ga matacina can ciki yana ta gurnani.

"Inna, wannan fa?"

"Mutane na shan ruwan 'yan garuwa yadda ya zo, kifi na shan tatacce. A wane gari anka taɓa yin haka?"

Kai jama'a! Wallahi in ka duba da kyau gaskiyarta ce. Matsalar ɗaya ita ce soson da ke cikin injin ya yi kwanaki yana tara kashin kifi. Ruwan randar nan ya ɗauki wani ƙarni da ba ya faɗuwa. Da yamma maƙwabcina, wani dattijo mai kawaici, ya shigo gaisuwa, aka kawo masa moɗa cike. Ya kurɓa, ya tsaya, ya dubi rufin kwano. Ya ce, "Malam, miyar kifi aka yi yau?" Na ce a'a. Ya ce madalla, ya shanye tas saboda kunya, bai sake neman ruwa a gidana ba har yau.

Ba zan iya sa hannu in cire abin da uwata ta sa da hannunta ba. Sai na yi abin da ma'aikaci yake yi in abu ya fi ƙarfinsa, na nemo ƙwararre. Yayana sana'arsa gyaran famfon burtsatse, duk ƙauyukan Tsafe sun san tsohuwar motarsa. Ranar Asabar ya zo da jakar kayan aiki kamar wanda aka kira gyaran madatsar ruwa. Ya tsamo injin daga randa, ya jujjuya shi, ya busa bakinsa, ya kara a kunne.

"Wannan ai famfo ne, ɗan jariri," ya ce. "Kai da Inna duk kun yi kuskure. Ruwa daga tushe ake tace shi. In aka gyara tushe, randa ta samu, kifi ya samu."

Inna ta gyaɗa kai. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika dubansa ba, sai ta juyo gare ni ta ce, "Wancan ya fi ka hankali."

Tushen shi ne tankin da ke bayan gida a kan ƙarafa, wanda 'yan garuwa ke cika mana in famfo ya yi yaji. Yaya ya kafa tsani, ya ɗaure injin da igiya, ya zura shi ciki a hankali, ya biyo da waya ta tagar banɗaki. Abu kamar dunƙulen hannu a cikin tankin da ƙarti uku za su yi wanka ba su taɓa juna ba! Ya sauko yana share gumi, ya buɗe famfo, ya tara hannu ya kurɓa.

"Ka ji bambanci?"

Ban ji komai ba. Na ce na ji, don yayana ne, kuma ya taso tun daga Tsafe.

Kwana goma muna wanka da tataccen ruwa, muna wanki da shi, har babur na wanke da shi. Ruwan kifi kuwa ya koma kore shar kamar miyar kuka, sai ka kanga ido kafin ka ga ja yana wucewa. Ran na goma na tashi na tarar ɗaya ya juya ciki sama. Inna ta dube ni ta ce, "Ya haƙuri, Auta?" Na ɗauka ba'a take mini. Da na dubi fuskarta na ga da gaske take, ta'aziyya take yi mini irin wadda ake yi wa wanda tunkiyarsa ta faɗi.

Ran nan ne ta tuna mini da rijiyarmu. A gidanmu na 'Yankuzo akwai rijiya a tsakar gida, kuma tun shekarar da aka gina ta Baba ya jefa tarwaɗa a ciki, kamar yadda gidaje da yawa ke yi. Ita ke cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa. Ba a ba ta abinci, ba a kama ta, in guga ya hauro da ita a mayar. Na girma ina shan ruwan nan, amma birni ya mantar da ni.

"Kifi shi ka gyara ruwa," Inna ta ce. "Ku kun kawo inji shi gyara ma kifi ruwa. Waɗanga ba su san aikinsu ba, don ba su ga babba na yi ba."

Ban san ta riga ta sa mai ɗakina ta buga wa Kawu waya ba. Kawu ƙaninta ne, yana Bungudu, yana noman rani a bakin gulbi, yana ɗan taɓa kamun kifi. Ranar Lahadi da hantsi sai ga shi a kan babur, da bokiti mai murfi a tsakanin ƙafafunsa, yana tafe a hankali kamar ya ɗauko amarya. Ya gaishe da Inna, ya buɗe bokitin. Tarwaɗa ce baƙa wuluk, ta fi kamu guda, da gashin baki kamar tsohon ɗan sanda.

"Malami na kawo musu," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ina ganin..."

"Ba ka ganin komai, ɗana. Ruwan nan ko ni ba na ganin komai a ciki."

Ba a jayayya da kawu a gaban uwa. Ya karkata bokiti, malamin ya sulale ƙasa ya kwanta a kan yashi, ko motsi. Na ce ai ba ta yin komai. Kawu ya ce nazari take. Muka ci abinci, muka taɓa hira, muka tafi masallaci sallar la'asar. Da muka dawo na ƙirga jajayen, huɗu. Shida na bari. Kawu ya ƙirga da kansa har sau biyu yana dangwala yatsa a gilashi, ya ce ƙila sun ɓuya a cikin ciyawa. Muka dubi tarwaɗar. Cikinta ya yi tulele, tana kaɗa gashin baki a hankali.

Kawu ya ce, "To ai ko banza an rage masu ɓata ruwan."

Nan ran maza ya ɓaci. Na dai danne har na raka shi bakin titi. Ina dawowa na kwashe tarwaɗar da kwando na jefa ta a duron da ke tsakar gida. Na kafa tsani na hau tankin nan da kaina, da kaftanina, da tumbina, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na jawo igiya, na wanke soson, na mayar da injin kusurwar baya, na bi wayar da salatif na manne ta a bango har soket. Sannan na tsaya a tsakiyar falo na ce wa mai ɗakina, da ƙarfi yadda za a ji a ɗakin da ke kusa, daga yau duk wanda ya sake taɓa abin nan ni da shi ne. Ta dube ni da mamaki, don ita ba ta taɓa taɓa shi ba. Ta dai gane da wa nake.

Ruwan ya fara washewa. Amma kullum na dawo daga ofis sai in tarar injin shiru, filogin a zare yana lilo. Ga wuta, ga fanka tana juyawa. Na tambayi mai ɗakina, ta ce, "Malam, ni dai ba ni ba ce," ta kau da kai. In mayar da filogi, gobe in tarar da shi a zare. Ga zafi kamar a gasa mutum, ruwan ya yi ɗumi ya yi wari. A mako guda biyu suka sake juya ciki, saura biyu. A makon ne kuma hadari ya fara haɗowa ta gabas kowace yamma, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Ina duban sama ina duban akwati, abin duniya ya ishe ni.

Ranar Alhamis na mance wata takarda a gida, na dawo da tsakar rana ba wanda ya zata. Na shigo ba sallama, Allah ya yafe mini. Inna tana durƙushe a gaban soket, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta naɗe hannunta da gefen zani kamar mai shirin kama kunama. Ta fizge filogin. Injin ya yi shiru. Ta ja jiki ta matso dab da gilashi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce a hankali, "To, ya tafi. Ku tashi ku yi."

Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Haba Inna! Haba don Allah! Ashe ke ce ke kashe su! Na sa musu inji don su huta, ga abinci, ga ruwa mai kyau, ba abin da za su yi sai su zauna lafiya. Me suka rasa? Ki gaya mini, me suka rasa?"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga mata murya ba. Mai ɗakina ta fito ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta tsaya.

Inna ba ta juyo ba. Idonta na kan gilashin.

"Ba su rasa komi ba," ta ce. "Su ci, su sha, a kalle su." Ta nuna ɗaya da yatsa. "Dubi wanga mai tsagaggen wutsiya. Tun safe shi je bango shi dawo, shi je bango shi dawo. Ni na san abin da ka damunshi. Abin da anka halicce shi don shi, ka sa inji na yi mai, ka ce huta. Ni ma in gari ya waye haka nika yi, Auta. In je ƙofa in dawo."

Ta dafa bango ta miƙe. Na kai hannu in taimaka mata, ta kauce. Ta shiga ɗaki, na ji ta jawo ƙunshin nan daga bayan ƙyaure.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na tsaya a tsakiyar falo kamar an dasa ni, fanka tana ta juyawa a kaina. Wata uku ina jin ni ɗan kirki ne, ashe akwati na yi wa uwata, gilashin ne kawai babu. Takardar da na dawo ɗauka ban tuna da ita ba sai bayan kwana biyu.

Bayan la'asar hadarin ya haɗo, wannan karon bai watse ba. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika unguwa, ana ta hamdala gida gida, maƙwabta suna fito da robobi da bokitai. Ni ina zaune a falo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ruwan bai gama ɗaukewa ba waya ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce, "Mu ma an yi a nan. Gobe da hantsi ina tafe."

Da na dawo daga sallar asuba na naɗe hannun riga na ɓalle injin daga gilashi. Na tsaya da shi yana ɗiga, na rasa inda zan kai shi. Akwai wata ƙusa a bango kusa da randa inda ake rataye moɗa, na naɗe wayar na rataye shi nan. Sannan na shiga gaishe ta. Ta yi shiri tsaf, da mayafi, ƙunshin yana gaban ƙafarta. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙurin jiya. Ta ce ba komi. Na yi ta sosa kunne.

"Inna, injin ya mutu."

"Jiya yana kuka."

"Ya dai mutu. Ruwan nan kuwa in ba a taɓa shi yau ba, biyun nan ma za su bi 'yan'uwansu. Ni ofis zan tafi, ita kuma ba ta iya ba."

Daga bayana mai ɗakina ta ce, "Ni ban san ta inda ake farawa ba, Inna." Allah ya yi mata albarka, ba mu shirya ba.

Inna ta dube ni tsawon lokaci. "Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya kunnenka ka fara ƙaiƙayi," ta ce. Na sauke hannu. Ta yi tsaki, ta dafa gado ta tashi, ta fito falo. Ta leƙa akwatin, ta sa yatsa ta shinshina.

"Da mi za a tace?"

Mai ɗakina ta kawo rariyar roba. Inna ta ɗaga ta sama ta leƙa ta cikin ramukan. "Wagga ko tsakuwa ba ta tarewa." Ta dubi falon, ta dubi kicin, ba ta ga abin da ya yi mata ba. Ta juya ta koma ɗaki.

Ni da mai ɗakina muka tsaya muna kallon ƙofar. Ƙullin ƙunshin nan ya yi wata uku, ya ƙi hannu, sai da ta sa haƙori. Ta yi ta fito da kaya tana zubawa a kan gado, zannuwa, carbi, ƙullin daddawa, har ta kai ƙasa. Ta fito da wata 'yar ƙwarya da wani farin ƙyalle da tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Na gane shi. Da shi take tace mana koko muna yara, da shi take tace ruwan rijiya in damina ta gurɓata shi.

Ta kwashi ƙwarya uku daga akwatin ta zuba wa bishiyar zogale. Ta sa mai ɗakina ta riƙe mata bakin ƙyallen, ta ɗebo ruwan randa wanda ya kwana ya yi sanyi, ta tace ƙwarya uku a hankali ta gefen gilashi don kada ta firgita su.

Na ce, "Inna, ba za a kwashe duka ba?"

"A'a. Na yi nawa, su yi nasu."

Tana matse ƙyallen aka danna ham a ƙofar gida. Yaya ya yi sallama ya shigo yana kaɗa makulli, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya ce a fito da kaya kafin rana ta yi. Inna ta goge hannu a zani, ta dube ni, ba shi ba.

"Ka ce ma wancan shi koma. Ina da kiwo."

"Shuka fa, Inna?" in ji Yaya.

"A ba maƙwabta aron gonar bana."

Yaya ya juyo gare ni. "Kiwon me?"

Na nuna masa kifaye biyu, kowanne kamar ɗan yatsa, suna yawo a cikin koren ruwa. Ya buɗe baki zai yi magana, na take masa ƙafa da dukan nauyina. Daga nan na zagaya bayan gida, ƙarƙashin tankin nan, ni da furfurata, na yi kuka har na gode Allah.

Ban je ofis ba ran nan. Kafin azahar ta karɓe tsintsiya, ba wanda ya ce mata huta. Cikin mako na sayo turmi. Tarwaɗar Kawu ta bar ta a duro, ta ce ita kaɗai ce mai aikin yi a gidan tun farko. Ruwan akwatin bai taɓa yin garau irin na inji ba, amma biyun nan suna nan, sun yi ƙiba, mai tsagaggen wutsiya har yana bin yatsanta ta gilashi. Ban sani ba ko suna yin nasu aikin. Ita ta ce suna koyo.

Kwanaki abokin nawa ya bugo daga Abuja, muna cikin hira ya ce, "Af, matacin nan fa, a ina ka sa shi?" Na ce inda ya dace. Yana nan a ƙusar kusa da randa, wayarsa a naɗe. Kullum da safe in Inna ta gama tace ƙwaryarta uku, a kansa take shanya ƙyallen.